Yadda Ake Ɗaura wa Hilux Wilin Wata Mota

Mai Hilux yakan kai ga neman wilin wata mota ta hanyoyi da dama. Wani rami ne ya lanƙwasa masa rim a kan hanya, wani ya gaji da rim ɗin ƙarfe yana son na aloi, wani kuma tayoyin inci 17 ya samu da sauƙi alhali motarsa na kan 16. Duk inda ka nufa, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, maganar da za ta fara tarbarka guda ce: "Alhaji, rami shida ne, zai shiga." Mai kaya bai yi ƙarya ba game da ramukan, amma ramuka abu ɗaya ne cikin abubuwan da sai sun dace kafin wili ya zauna lafiya a mota. Sauran ba a ganinsu daga tsaye, sai an juya rim an auna.

Zan yi bayanin ne a kan Hilux mai noti shida, wato samfurin 2005 zuwa 2015 da ake kira Vigo da wanda ya biyo bayansa daga 2015, domin su ne suka fi yawa a hannun mutanenmu. Mai L200 ko Navara ko Ranger shi ma matakan nan zai bi, lambobinsa ne kawai za su bambanta.

Fara da motarka kafin ka je kasuwa

Ka ciro safaya, ko ka kwance wili ɗaya, ka kifa shi a ƙasa ka wanke bayansa. A jikin rim na asali za ka ga rubutu kamar 17x7.5J, kusa da shi kuma wata lamba, 30 ko ET30. Sha bakwai ɗin girman rim ne da inci, bakwai da rabi faɗinsa, talatin ɗin kuma ita ce ofset, wadda zan yi dogon bayani a kanta nan gaba. A rim ɗin ƙarfe rubutun yakan kasance a fuska, kusa da ramukan noti ko kusa da bawul. Ka rubuta su a takarda. Ka buɗe ƙofar direba ka duba takardar da ke manne a jikin ginshiƙi, nan ne kamfani ya rubuta girman taya da yawan iskar da ya dace. Idan takardar ta goge, lambar da ke gefen tayar da ke kan motar za ta wadatar, muddin ba a riga an canza girman ba.

Ga Hilux mai noti shida, abin da za ka riƙe shi ne: da'irar ramuka 139.7, ramin tsakiya 106.1, zaren noti M12x1.5, ofset wajen +30, duka da milimita. Ka sa tef ɗin awo da miƙaƙƙen katako ko rula mai tsawo a mota, ka tafi da wilinka guda ɗaya domin gwadawa gefe da gefe.

Ramukan noti

A rim mai rami shida awon ba shi da wuya. Ka ɗora tef daga tsakiyar rami ɗaya zuwa tsakiyar wanda ke fuskantarsa ta ɗaya ɓangaren. Idan ka ga kusan milimita 140, to 139.7 ne. Idan ka ga 114, ka ajiye shi, na Navara ne samfurin D40 ko wanda ya biyo shi, rami shida ne shi ma amma da'irarsa ƙarama ce, ba zai taɓa hawa Hilux ba. Wasu Hilux marasa giyar taimako, masu ƙasa-ƙasan nan, noti biyar gare su a da'irar 114.3, kuma Land Cruiser 100 da 200 ma biyar ne amma a da'irar 150. Don haka wanda ya ce maka "ai duk Toyota ce" bai gama magana ba.

Ramin tsakiya

Nan ne mafi yawan cinikin ke lalacewa. Hob ɗin Hilux, wato ƙarfen da kusoshin noti ke jikinsa inda ake ɗora wili, yana da wani baki da ya turo waje, shi ne ke shiga ramin tsakiyar rim ya daidaita wilin a tsakiya. Faɗin bakin nan 106.1 ne. Rim ɗin Mitsubishi L200 da Pajero rami shida ne a 139.7, daidai da Hilux, amma ramin tsakiyarsu, in ban da na tsofaffin samfura, 67.1 ne kacal. Na Ford Ranger 93.1, na Isuzu D-Max wajen 100, na manyan a-kori-kuran Chevrolet da ake shigowa da su daga Amurka 78.1. Har sabuwar Land Cruiser 300, wadda ta koma noti shida, ramin tsakiyarta 95.1 ne, notinta kuma M14. Duk waɗannan za su rataya a kan kusoshin, sai su tsaya a bakin hob, bayan rim bai taɓa fuskar hob ba. Wanda bai lura ba ya ɗaure noti da ƙarfi a haka, ya tsage rim ko ya karya kusa.

Za a ba ka shawara ka kai wajen masu injin feƙe ƙarfe su buɗa ramin. Daga 100 zuwa 106 wani lokaci akwai naman da zai isa, idan aikin a kan inji aka yi shi kuma mai aikin ya san abin da yake yi. Amma daga 67 zuwa 106 ni ban yarda da shi ba ko kaɗan, domin naman da za a cire shi ne ke riƙe da ramukan noti. Wanda kuma zai ɗauko giranda ya buɗa da hannu, ka karɓe rim ɗinka ka yi gaba, ramin ba zai taɓa fitowa a tsakiya ba, kuma sitiyari zai yi ta rawa har ranar da ka cire wilin.

Idan ramin rim ya fi hob girma, wannan mai sauƙi ne. Rim ɗin kasuwa, waɗanda ba na kamfanin mota ba, da yawa suna zuwa da 108 ko 110 domin su shiga motoci daban-daban. Ana cike gibin da zobe na roba mai tauri ko na alminiyam, wanda wajensa ya yi daidai da ramin rim, cikinsa kuma 106.1. Haka mai L200 zai yi idan ya ɗauki rim ɗin Hilux, sai dai cikin zobensa zai zama daidai da nasa hob ɗin.

Motocin da wilinsu ke shiga Hilux ba tare da wannan wahala ba su ne 'yan gidansu: Prado 120 da 150, 4Runner mai noti shida har zuwa samfurin 2024, FJ Cruiser, da Tacoma mai noti shida ta 2005 zuwa 2023. Duka 139.7 ne da 106.1. Rim ɗin tsohuwar Hiace mai noti shida ma lambobin nan yake da su, sai dai inci 15 ne kuma siriri, don haka yakan faɗi a gwajin birki da za mu zo kansa.

Ofset, wato inda wilin zai tsaya

Fuskar da ke manne wa hob yawanci ba a tsakiyar faɗin rim take ba. Tazarar da ke tsakaninta da ainihin tsakiyar ita ce ofset. Idan lambar ta yi girma, wilin yana nutsewa cikin mota. Idan ta yi ƙasa, ko ta koma sifili, ko ta zama mai alamar ragi, wilin yana fitowa waje.

Rim ɗin Prado 120 mai inci 17 yana da +30, daidai da Hilux, shi ya sa yake zama kamar don ita aka yi shi. Na Prado 150 +25 ne, ya fito da milimita 5, ba za ka ma lura ba. Na FJ Cruiser +15 ne, ya fito da milimita 15, yawanci yana tafiya lafiya da taya mai girman asali. Matsala tana farawa ne idan faɗi ya ƙaru kuma ofset ya ragu lokaci guda. Ɗauki misalin wanda motarsa ke kan rim mai faɗin inci 7 da +30, ya sayo mai inci 8 da ofset sifili. Ofset ya turo wilin waje da milimita 30, ƙarin faɗin inci ɗaya ya raba biyu, kusan 13 a kowane gefe, ke nan bakin rim na waje ya fito da wajen milimita 43. Motar za ta yi kyan tsayuwa, amma taya za ta riƙa gogar madigadi da robar cikin baka, wato rumfar da ke saman taya, idan an karya sitiyari, za ta riƙa watsa laka da tsakuwa a jikin ƙofofi, boris ɗin wili da bol-jon kuma suna ɗaukar nauyin da ba a tsara musu ba, sai su riƙa mutuwa da wuri. Sitiyarin ma yakan ƙara nauyi, yana fizgar hannu duk lokacin da taya ɗaya ta faɗa rami. A ɗaya ɓangaren, rim mai ofset babba yana matsawa ciki har taya ta goge hannun sama na gaba, wato ƙarfen da ke riƙe da wili daga sama, kuma wannan ya fi haɗari domin gefen taya na ciki ne ke cinyewa inda ido ba ya gani.

A ganina, wanda motarsa ta aiki ce, tana ɗaukar buhuna tana shiga ƙauye, kada ya yi nisa da lambar asali fiye da milimita 10 zuwa 15.

Idan rubutun ya goge ko fenti ya rufe shi, kana iya aunawa da kanka. Ka kifa rim marar taya a ƙasa, ka auna tsayinsa gaba ɗaya daga ƙasa zuwa bakin sama, ka raba biyu. Sai ka gitta katakon nan a bakin rim, ka auna daga ƙarƙashinsa zuwa fuskar da ke manne wa hob. Ka cire rabin farko daga wannan awon. Idan tsayin 216 ne, rabinsa 108, zurfin kuma 138, to ofset +30 ke nan.

Noti

Wannan ƙaramin abu ne da ke cire wili a kan gudu. Noti yana da fuska biyu da za a duba: zarensa na motar ne, mazauninsa kuma na rim ne. Zaren Toyota M12x1.5 ne, na Nissan M12x1.25. A ido iri ɗaya ne, notin Nissan zai kama kusar Hilux zagaye ɗaya ko biyu sannan ya cije, mai sifana kuma ya ɗauka tsatsa ce ya danna, zaren ya tafi.

Mazaunin kuma iri biyu ne a Toyota. Rim ɗin ƙarfe yana amfani da noti mai tsinin baki, wanda ke nutsewa cikin rami mai gangare. Rim ɗin aloi na asali na Toyota kuwa, irin na Prado, raminsa shimfiɗaɗɗe ne, notinsa yana da washa da wani wuya da ke shiga cikin ramin. Wanda ya bar rim ɗin ƙarfe ya koma aloin Prado dole ya sayi noti ashirin da huɗu masu washa. Idan ya ɗaura da tsofaffin, tsinin notin zai taɓa bakin ramin ne kawai, ya yi ta cin alminiyam ɗin a hankali har ya yi sako-sako. Rim ɗin aloi na kasuwa, waɗanda ba na Toyota ba, yawancinsu mai tsini suke so. Kada ka yi zato, ka leƙa cikin ramin ka gani ko gangare ne ko shimfiɗa, ka sa notin da hannu ka ji yadda ya zauna.

Aloi ya fi ƙarfe kauri, don haka yana cinye tsawon kusa. Idan kana ɗaura noti da hannu ka ƙirga zagayen da ya yi kafin ya taɓa rim. Kusa mai kaurin milimita 12 tana son noti ya kama ta aƙalla milimita 12, wato zagaye 8 cikakku. Idan huɗu ko biyar ka samu, ko dai notin ba nasa ba ne ko kusoshin sun yi gajarta.

Duba lafiyar rim ɗin da ƙarfinsa

Rim na hannu da aka yi wa sabon fenti yana bukatar a duba shi fiye da wanda ya zo da dattinsa. Ka shafa bayansa da yatsa, musamman gefen ciki inda rami ke bugawa. Inda aka yi walda aka goge za ka ji ɗan tudu ko kaushi, launin wajen ma yakan bambanta a ƙarƙashin fentin. Ka duba ramukan noti ɗaya bayan ɗaya, wanda ya koma kamar ƙwai alama ce an taɓa tafiya da wilin noti a kwance, kuma ba ya gyaruwa. Ka nemi siririn tsagu a gindin ƙafafun rim da kewayen ramukan. Rim ɗin ƙarfe da ya ɗan lanƙwashe a baki ana iya miƙe shi, amma aloin da ya tsage aka yi masa walda ba na motar kaya ba ne.

A bayan wasu rim ana rubuta nauyin da kowanne zai iya ɗauka da kilo. Na Japan suna ɗauke da tambarin JWL, waɗanda aka yi wa gwajin motocin kaya kuma JWL-T. Ka tuna bayan Hilux ne ke shan lodi, don haka rim mara nauyi da aka yi don kwalliya ba zai jure buhunan masara a hanyar da ba kwalta ba. Kafin a biya kuɗi, a ɗora kowane rim a injin balansin a juya shi ba taya, ka tsaya ka kalli bakinsa. Idan yana lilo hagu da dama ko yana tsalle, a canza maka wani.

Taya

Abin da ake so shi ne tsayin taya gaba ɗaya ya tsaya kusa da na asali, ko da girman rim ya canza. Lissafin ba wuya. A 265/65R17, faɗin taya milimita 265 ne, tsayin gefenta kashi 65 cikin ɗari na faɗin, wato 172, sau biyu 344, a haɗa da inci 17 na rim wanda ya kama 432, jimla 776. Idan ka yi wa 265/70R16 haka za ka samu 777, 265/60R18 kuma 775. Shi ya sa ukun nan suke maye gurbin juna ba tare da komai ya canza ba. Amma 265/70R17 tana kai 803, ƙarin fiye da kashi 3 cikin ɗari, agogon gudu zai nuna 100 alhali kana kan 103. Ita kuwa 285/70R17 tana kai 831, a nan sai ka ji motar ta yi nauyin tashi, mai ya ƙaru, birki ya ƙara nisa, kuma da wuya ta ƙi gogar jiki sai an ɗaga motar ko an yanke wani abu. Wanda motarsa ta zo da 205R16C, mai tsayin wajen 735, ya san cewa ko komawa 265/65R17 ƙari ne na fiye da kashi 5.

Bayan girman akwai lambar nauyi, kamar 112 a 265/65R17 112S. Lamba 112 tana nufin kilo 1,120 a kowace taya, 110 kuma 1,060. Kada ka sauka ƙasa da abin da kamfani ya sa. Idan rim ɗin sun zo da tayoyinsu, ka nemi lambobi huɗu na ƙarshe a layin da ya fara da DOT, biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara, 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Tayar da ta tsufa ko da zanenta bai cinye ba, zafin kwaltar watan Afrilu da lodi suna fasa ta.

Mota mai giyar taimako tana son tayoyi huɗun su zama tsayi ɗaya, har da safaya. Idan ka sayi wili huɗu ka bar tsohuwar safaya mai wani tsayi daban, ka sani ta kai ka wajen mai faci ce kawai, a hankali, ba tare da ka sa giyar taimako ba. Ka kuma ajiye noti shida irin nata a mota, idan mazauninta ya bambanta da na sababbin.

Gwaji a jikin mota, kafin kuɗi su bar hannunka

Ka roƙi mai kaya a gwada ɗaya, kuma a gaba, domin can ne birki ya fi girma kuma can ne wili ke juyawa. Ka tsayar da motar a waje mai tauri da ya daidaita, ka ja birkin hannu, ka sa giya, ka tokare tayar baya da dutse. Ka sassauta noti da sifana mai lamba 21 tun taya na ƙasa, sannan a ɗaga da jak, a sa abin tokare a ƙarƙashin shasi. Kada kowa ya sa kai ko hannu a ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Da an cire tsohon wilin, a goge fuskar hob da burushin ƙarfe har tsatsa da busasshiyar laka su fita, a goge bayan sabon rim ɗin ma. Ɗan datti a nan ya isa ya sa wili ya zauna a karkace, daga baya dattin ya murƙushe, noti ya saki. A ɗora rim ɗin, a tura shi da hannu. Ya kamata ya shige bakin hob ya manne ba tare da an buga ba. A ɗaura noti uku da hannu, a juya wilin a hankali ana saurare. Ka haska fitilar waya ta tsakanin ƙafafun rim ka ga tazarar da ke tsakaninsa da kalifar birki, wato ƙarfen da ke matse faifan birki, ta sama da ta fuska. Ana son aƙalla milimita 3, kuma ka tuna dalmar balansin da ake mannawa a cikin rim tana cin nata wurin. Hilux ɗin da suka zo da manyan faifan birki ba sa karɓar inci 15, wasu rim ɗin inci 16 ma suna taɓawa, ya danganta da yadda aka zuba cikinsu.

Idan wannan ya wuce, sai a gwada da taya a jiki. A sauke motar ƙasa domin nauyinta ya zauna, a karya sitiyari har ƙarshe hagu, a duba, a karya dama, a duba. Wuraren da ake samun gogayya su ne robar laka ta bayan tayar gaba, ƙasan bamba, hannun sama, da tiyon birki. Ka sa hannu ta bayan taya ka ji ko yatsunka suna wucewa tsakaninta da ƙarfe. Tazarar da ta yi kaɗan a tsaye za ta ƙare gaba ɗaya idan mota ta faɗa rami da kaya a bayanta.

Idan rim ya taɓa kalifa, za a kawo maka maganar sifesa, wato faifan da ake sawa tsakanin hob da rim. Siririn da ake zurawa kawai yana rage tsawon kusar da noti zai kama, mai kaurin da ke da nasa kusoshin kuma ya ƙara maka noti shida a kowane wili da ba ka ganinsu balle ka san sun saki. Ga motar da ke ɗaukar kaya, na fi son a nemi wani rim ɗin.

Ɗaurawa

Bayan an sa tayoyi an yi balansin duka, kowane noti a fara shi da hannu. Kada a shafa giris ko baƙin mai a kan kusa, domin yana sa a ɗaure fiye da kima ba a sani ba. A ɗaure su a gicciye, wannan sannan wanda ke fuskantarsa, ba a bi su a jere ba, a yi zagaye biyu, na farko sama-sama tun wili na sama, na biyu bayan an sauke. Hilux mai noti shida tana son ƙarfin ɗauri wajen Nm 105, littafin motar yana da ainihin lambar samfurinka. Wannan ƙarfin hannun mutum ɗaya ne a kan sifana mai matsakaicin tsawo. Yaron shago da ke zura bututu a sifana ya hau kai da ƙafa yana miƙar da kusar ne, kuma kusar da ta miƙe ita ce ke tsinkewa daga baya. Inda akwai sifana mai awo, wadda ke yin ƙara idan an kai lambar, a yi amfani da ita. Inda aka ɗaure da bindigar iska, ka sa a sassauta a sake da hannu.

A sa iska daidai da takardar jikin ƙofa. Idan faɗin taya ko ofset ya canza, ka biya a duba alaimen. Sannan ka fita gwaji ba kaya, ka fara a hankali, ka karya sitiyari har ƙarshe kana tafiya gaba da baya, ka hau ɗan tudu a karkace, ka saurara. A kan kwalta ka kai 80 zuwa 100 ka ji ko sitiyari na rawa. Idan yana rawa kuma balansin daidai ne, ka koma kan ramin tsakiya da zoben, yawanci can matsalar take.

Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 ka sake bin notin duka da sifana, domin sabon rim yakan ƙara zama, musamman aloi da wanda aka yi wa fenti. A makon farko ka riƙa leƙa gefen tayoyin gaba na ciki da robar cikin baka, inda ake gogayya zai yi sheƙi ko ya bar baƙin zane. Ka duba kewayen kowane noti kuma. Jan gari kamar tsatsa a rim ɗin ƙarfe, ko baƙin gari a aloi, yana nuna notin na motsi, sai a kwance wilin a duba mazaunin da kusar kafin a sake ɗora wa motar kaya.